Darasin Malam Kujera

Tun ranar da Auta ta ce gudanar da kasuwanci za ta karanta a jami'a, Baba bai taɓa tambayarta abin da ake koya musu ba. Ba wai ba ya sonta ba ne. Ita ce 'yar lelensa, ita kaɗai ce a gidan za ta murɗa masa rediyo yana cikin sauraron labarai ba a ji kansu ba. Shi dai a ganinsa kasuwanci a bakin kanti ake koyonsa, da ƙafa da gumi. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wa 'yan kasuwa manyan motoci, ya ga attajiran da ko sunansu ba su iya rubutawa ba, don haka wannan digiri a wurinsa kamar a tura yaro makaranta ne don a koya masa tafiya. Aikin jinya ya so ta karanta. Da ta kafe, Mama ta sa baki, sai ya sakar mata, amma da sharaɗi: idan ta gama kuma takardar ba ta tsinana mata komai ba, za ta koma ta yi jinyar ba tare da musu ba.

A kan kujerarsa ya yanke wannan hukunci, kujerar katako mai hannu biyu da ke falo tana fuskantar taga, wadda matashinta ya lotsa daidai da jikinsa. Babu mai zama a kanta. Ko Yaya, da ya yi aure har da 'ya'ya, in ya zo gaisuwa a kan tabarma yake zama.

Auta ta gama. Ta sha yawon neman aiki har takalminta ya cinye ta gefe ɗaya, kafin wani kamfanin ɗinka jakunkunan makaranta ya ɗauke ta a kan gwaji. Ranar Juma'ar nan gwajin zai ƙare. Ta ga Baba ya fara tambayar maƙwabciyarsu ma'aikaciyar asibiti yaushe ake ɗaukar sababbin ɗalibai.

Kamfanin tsohon sito ne da aka raba biyu da bangon katako wanda bai kai rufi ba. A gaba ofis ne mai fanka da labule, inda ake karɓar baƙi. A baya ɗakin ɗinki, kekuna a jere, kwalayen zif da madauri, warin gam da sabuwar roba, ga wani faffaɗan teburin yanka a jikin bangon. Mai Kamfani gajeren mutum ne mai fama da ciwon ciki, kullum da ƙwayar magani a bakinsa yana tsotsa. Ranar da Auta ta fara zuwa, ta miƙa masa takardar digirinta da hannu biyu. Bai buɗe ba, ya tura ta cikin aljihun tebur. Ya ce an sha turo masa irinta. Wani ya cika masa bango da zane-zane masu launi, wani ya ce sai an sayi sabuwar kwamfuta, wata ta rubuta masa rahoto mai kauri kamar matashin kai.

"Duk sun iya zana min hoton ciwona," in ji shi. "Ni mai cire min shi nake nema."

Ciwon nasa mutum biyu ne. Oga Almakashi, shugaban ɗakin ɗinki, dogon dattijo mai furfura a gemu, wanda shi ya yanka jakar farko da kamfanin ya sayar. Sai Anti Waya, mai kula da ciniki, mace mai fara'a da kaifin baki, wadda ba a taɓa ganin kunnenta babu waya a manne ba. Sun yi shekaru ba sa magana da juna. Ita tana kiransa Sarkin Gobe, wai duk abin da aka tambaye shi sai ya ce gobe. Shi kuma yana kiranta Gidan Rediyo. Tana yi wa makarantu alkawarin ranar kai kaya ba ta tambaye shi ba, shi kuma in ya ji haushi sai almakashinsa ya yi nauyi.

Aikin Auta a takarda shi ne mataimakiyar manaja. A zahiri kuwa 'yar aike ce. Anti za ta ce a gaya wa wancan tsohon in bai gama ba ta san abin da za ta yi, Auta ta ratsa ƙofa ta ce Anti tana gaishe shi, tana tambaya ko aiki ya yi nisa. Oga zai ce a gaya wa rediyon nan ta zo ta ɗinka da bakinta, Auta ta koma ta ce Oga ya ce ana ƙoƙari. Tana wanke magana kamar mai wanke shinkafa, tana tsince tsakuwa, ta kai fara tas. Kowa ya ce yarinyar akwai ladabi. Ba abin da ya sauya.

A farkon makon nan abin ya fashe. Anti ta yi wa wata babbar makaranta alkawarin jakunkunan ɗalibanta duka kafin a koma hutu, Oga kuwa a bakin direban makarantar ya ji. Ya shigo ofis ya ajiye almakashinsa a kan teburin Mai Kamfani, a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya ce zuwa ƙarshen mako ko ita ko shi. Anti ta ce ai ya riga ta a baki ne kawai. Da suka fita, Mai Kamfani ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya gaya wa Auta gaskiya ba kwana-kwana: in ɗayansu ya tafi, babu abin da za a gudanar, balle a nemi mai gudanarwa.

Da yamma Dogo ya same ta a tashar bas idanunta sun yi ja. Dogo ajinsu ɗaya a jami'a, yanzu yana aiki a banki, kuma duk dangi sun san shi ne zai aure ta. Ya saurare ta har ta gama, yana riƙe mata jaka kamar yadda ya saba, sa'an nan ya yi dariya ya ce waɗannan ai Malam Kujera suke buƙata.

Malam Kujera shi ya koya musu darasin sasantawa a shekarar ƙarshe, kuma babu kwas ɗin da ɗalibai suka raina kamarsa. Su abin da suke so shi ne wanda za su rubuta a takardar neman aiki a gani a ji tsoro: lissafin kuɗi, sarrafa kwamfuta, dabarun talla. Shi kuwa sai ya shigo aji ya ajiye kujeru biyu suna fuskantar juna, ya haɗa mutum biyu gardama, da ta yi zafi ya ce su yi musayar wurin zama. Dokarsa ɗaya ce. Ba ka da bakin mayar da martani sai ka zauna a kujerar abokin gardamarka, ka faɗi kukansa da bakinka kana cewa "ni", har sai shi da kansa ya ce haka ne. Ɗalibai suka ce wasan yara ne. Dogo ma shi ya jagoranci masu kai ƙara wurin shugaban sashe, wai iyayensu ba su turo su jami'a don a koya musu tashi da zama ba.

Amma kuma a kan waɗannan kujeru ne abin ya faru tsakanin Auta da Dogo. An haɗa su, ita mai kawo kaya shi mai saye, suka yi ta sa-in-sa har Malam ya ce a sauya. Dogo ya zauna a wurinta, ya fara faɗin abin da ke ranta dalla-dalla, har da wanda ba ta furta ba. Auta ta karanta littattafan soyayya ba adadi, ta ga inda jarumi ke haye teku da inda yake rubuta waƙa, amma ba ta taɓa karanta cewa zuciya na iya faɗawa hannun mutum don kawai ya faɗi maganarka daidai ba. Da ta ce "haka ne" a ranar, muryarta rawa ta yi, ajin duka suka sa dariya.

A tasha ta ɗago ta dubi Dogo. Ya ce shi fa wasa yake yi, waɗannan ba ɗalibai ba ne, sun haife ta. Ta ce ta sani. Bas ta zo, ta shiga, ta bar shi yana ce mata ranki ya daɗe Manaja, kar dai a jefo ki ta taga.

Ranar Alhamis ta roƙi Mai Kamfani abu ɗaya: lokacin hutun rana, in teloli sun fita cin abinci, ya ba ta Oga da Anti, shi kuma ya zauna a ofis kar ya leƙo. Ta zaɓi wannan lokaci ne don kar wani ya ji kunya a gaban na ƙasa da shi. Da kanta ta turo kujerar Anti mai juyawa har cikin ɗakin ɗinki, ta ajiye ta tana fuskantar dogon kututturen da Oga ke zama a kai a bakin teburin yanka. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ita 'yarsu ce, aikinta a hannunsu yake, alfarma ɗaya take nema kafin kowa ya kama gabansa. Ta faɗi dokar Malam Kujera.

Oga ya ce shi ya wuce wasan yara. Anti ta ce ai dama ta san ba zai iya ba, sai dai gobe. Wannan kalma ce ta zaunar da shi. Ya faɗa cikin kujerar mai juyawa, ta kusa kifar da shi, ita kuma ta tattare zani ta haye kututture tana mita, ƙafafunta na lilo. Auta ta karɓi wayar Anti ta ɗora wa Oga a cinya, ta ɗauki almakashi ta miƙa wa Anti.

Oga ya fara. Ya maƙale murya ya ce shi ne Gidan Rediyo, yana rabon alkawari kamar alewa, wanda ya nemi wata ma zai ba shi har da taurari. Auta ta juya ta tambayi Anti ko haka ne. Anti ta ce Allah ya kiyaye. Auta ta ce to Oga, a sake. Ya sake, ya ce shi mai son a yabe shi ne a wurin Mai Kamfani. Anti ta ce ba haka ba ne. Auta ta ji kamar tana ganin kanta cikin farar rigar jinya.

Sai wayar ta yi ƙara a cinyar Oga. Shugabar makarantar nan ce. Anti ta miƙo hannu, Auta ta tare, ita kanta ba ta san inda ta samo ƙarfin halin ba.

"Mai kujera shi ke ɗauka," ta ce.

Oga ya ɗauka da yatsa biyu kamar abin zai cije shi. Ko sallama bai gama ba matar ta buɗe masa wuta. Ba ta tsaya jin muryar wa ke kan layi ba. Ta ce iyaye sun cika mata ofis, ta ce bara ma haka aka yi mata, ta kira kamfanin maƙaryata, ta ce in ba a kawo ba za ta zo da kanta ta tara musu jama'a, ta kashe. Oga ya sauke wayar ya zuba mata ido. Ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, ko kullum haka suke yi. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Ni ce nake tsayawa a gaban mutane," ya ce a hankali. "In kaya ya yi kyau, a ce kamfani ya iya aiki. In ya makara, ni ake zagi, da sunana, ni kaɗai. In ban yi alkawari ba su tafi wani wuri, in na yi a bar ni da shi. Ba wanda ya taɓa raka ni ko sau ɗaya."

Anti ta buɗe baki za ta yi ba'a, ba'ar ta ƙi fitowa. Ta kau da kai ta ce haka ne.

Yanzu saura ita, kuma nan aka yi ta fama. Ta ce shi ƙarin lokaci yake so. Oga ya girgiza kai. Ta ce ƙarin ma'aikata. Ya girgiza. Ta ce sababbin kekuna, ta ce a riƙa tambayarsa kafin a sa rana. Ya ce wannan ma yana ciki, amma ba shi ba ne. Anti ta dubi Auta ta ce ta gani ko, mutumin nan shi kansa bai san abin da yake so ba. Auta ta kusa sa baki. Ta tuna Malam yana cewa in an kai nan, mai sasantawa ya kama bakinsa, don haka ta kama, ko da yake shirun na cin ta kamar barkono a ido.

A cikin wannan shiru ne muryar Mai Kamfani ta tsallako ta saman bangon katako, tar kamar yana tsaye a kansu. Da matarsa yake waya. Yana ce mata ta dafa masa abu mara yaji, yau cikinsa ya tashi, 'yar jami'ar nan ta tara masa manyan ma'aikata tana wasan kujera da su, da alama sai ya nemi wata.

Oga ya yi murmushi a cikin gemu. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Anti kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta dubi tazarar da ke tsakanin bango da rufi, daidai saman kututturen da take zaune. Ta dubi teburin yanka. Ba ta taɓa zama a nan ba, ba ta taɓa sanin duk abin da aka faɗa a ofis a kunnen mai yanka yake sauka ba. Auta na kallon fuskarta tana sauyawa, kamar mai tuna maganar da ta saba faɗa wa baƙi kullum tana dariya: kar ku damu, yarana na baya za su gama.

Ta ajiye almakashin a kan cinyarta.

"Ni ne na yanka jakar farko a gidan nan," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Na girmi mai gidan. Ina da jikoki. Kullum ina zaune a nan da almakashi a hannu, ina ji ana gaya wa baƙi wai ni yaro ne."

Oga Almakashi bai ɗago ba. Ya juya kujerar kaɗan, ya ba su gefen fuska, ya share ido da bayan hannu kamar wani zare ne ya faɗa masa. Da ƙyar aka ji ya ce haka ne.

Ba su rungumi juna ba, ba irinsu ba ne. Anti ta sauko ta ce kututturen nan ya kusa karya mata baya, ba mamaki mutum ya zama mai baƙin rai. Oga ya ce kujerarta kuma juya kai take yi, shi ya sa ba a rasa ta da surutu. Amma da bakinsu suka faɗa wa juna, ba ta bakin Auta ba. Kafin teloli su dawo, Auta ta kawo shawarar da ta kwana da ita a rai tun daga darasin tsara aiki: a raba kayan, a fara kai na ƙananan aji, su ne sababbin shiga da ba su da tsohuwar jaka, na manya su biyo baya. Oga ya ce wannan zai yiwu. Anti ta ce sai dai ya bi ta su gaya wa shugabar tare. Ya ce zai je, amma shi ba zai ƙara ɗaukar wayar nan ba har abada.

Ranar Juma'a Mai Kamfani ya kira ta. Ya ƙi haɗa ido da ita, don an riga an gaya masa cewa an ji batun abinci mara yaji. Ya jawo aljihun tebur ya ciro takardar digirinta, ya buɗe ta a karon farko, ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ya tambaya a ina aka rubuta abin da ta yi jiya. Ta ce ba a rubuta ba, a cikin aji aka bar shi. Ya ce to ta gaya wa malamin nan, in yana da wasu irinta ya turo, kuma daga Litinin ta daina ce wa kanta mataimakiya.

Ta isa gida rana ba ta faɗi ba. Mama ta riga ta ji daga bakin Dogo, tana tsakar falo tana ba Baba labarin, tana ƙara masa gishiri, har da kwaikwayon muryar Oga wanda ba ta taɓa gani ba. Baba na kan kujerarsa, rediyo a kashe, abin da ba a saba gani ba. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a kan tabarma.

Ya tambaye ta, wai shekarun nan duka abin da aka koya musu ke nan, sauya kujera? Ta ce da sauran abubuwa, Baba, amma wannan yana ciki. Ya gyaɗa kai. Sai ya dafa hannun kujera ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya nuna mata wurin da ya tashi.

"Hau."

Auta ta dubi Mama. Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Baba ya maimaita, sa'an nan ya lanƙwasa ya zauna a kan tabarma, a daidai inda ta tashi. Ta hau a ɗarare, a bakin-baki. Katakon na da ɗumin jikinsa. Daga nan ta ga abin da yake gani kullum: taga, ƙofar gida, da hanyar da take bi in ta dawo daga tasha.

Baba ya gyara murya, ya harɗe hannu a cinya irin yadda take yi.

"Ni ce Auta," ya ce. "Na zaɓi abin da nake so, na yi shi da kyau. Kullum in na dawo daga makaranta ina wucewa ta gaban kujerar nan a hankali, ko Baba zai ce zo ki gaya min me kika koya yau. Bai taɓa cewa ba. Ni kuma ba aikin nake nema don kaina kaɗai ba. So nake ya ce 'yata ce."

Ya ɗago ya dube ta, yana jira, kamar ɗalibi a gaban malami.

Hawaye ya hana ta gani sosai.

"Haka ne, Baba."

Ya ce to madalla, yanzu ta sauka masa daga kujera kafin ta saba, ta zo nan kusa ta fara masa tun daga shekarar farko.